Ƙullin Yaya a Ƙarƙashin Madubi

Mijin Yaya ne ya tona mata asiri. Ya same ni a wurin aiki wata Talata da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji yana murza hularsa a hannu. Ya ƙi shigowa saboda warin maganin da muke jiƙa nama a ciki, wanda yakan sa baƙo hawaye. Na cire safar hannu na fito.

"Malam, lafiya dai?"

"Da sauƙi dai," in ji shi. "Yayarki ce. Akwai wani ƙulli a mamanta na hagu. Tun kafin damina ta ji shi. Ta sa na rantse ba zan faɗa miki ba, ga shi na faɗa. Duk abin da za ta yi mini ta yi."

Na jingina da bango. Na tambaye shi girmansa, ya nuna mini kan ɗan yatsansa. Na tambaya ko likita ya gani, ya girgiza kai. Wani man shafawa take sawa, in ji shi, wanda wata mai sayen furanni ta kawo mata.

Ni aikina yankan nama ne, amma ba na ci ba. Duk abin da likitocin tiyata suka cire daga jikin mutum, ko suka ɗan tsakuro don a gane abin da ke damunsa, wurinmu yake zuwa cikin 'yar roba mai murfi. Mu jiƙa shi a magani ya yi tauri, mu tsane ruwansa, mu binne shi cikin narkakken kaki irin na kyandir. In ya daskare mu ɗora a inji mu riƙa yanko shi siriri, sirantar da fatar albasa ma bargo ce a kanta. Sai mu shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, mu kwaso shi da gilashi, mu rina shi da ja da shuɗi. Daga nan Likita, shugabar ɗakinmu, ta leƙa ta na'urar nan mai ƙara girman abu, wadda mu madubi kawai muke ce mata, ta faɗi ko abin na tsoro ne ko ba na tsoro ba. Saboda wannan aiki 'yan gidanmu suka laƙaba mini Mahauciya, kuma Yaya ce ta fara.

Yaya ce ta raine ni. Ina makarantar kwana Innarmu ta kwanta, da irin wannan ciwo. Ta ɓoye shi har sai da ya fashe, sannan aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, ba ta kuma daɗe ba bayan haka. Yaya ce ta yi jinyarta daga farko har ƙarshe. Tun daga lokacin, ko allurar rigakafi sai an yi da gaske take miƙa hannu.

Ina tashi daga aiki na wuce lambunta. Lambun dashe ne a bakin titi, bayan wani gidan mai, an rufa masa rumfar koriyar raga. Lemo da gwaiba da mangwaro da furanni suna jere cikin baƙaƙen ledoji, an bar siraran hanyoyi a tsakani. Na tarar da ita zaune a 'yar kujerarta tana auren mangwaro. Takan datse kan ɗan dashen gida, ta tsaga shi, ta fiƙe reshen mai daɗin kamar fensir, ta cusa a tsagar, ta naɗe da tsirin leda. Hannunta ba ya kuskure.

"Mahauciya," in ji ta ba ta ɗago ba, "yau wa kika yanka?"

"Yaya, Malam ya zo wurina."

Wuƙar ta tsaya. Ta ajiye reshen da ke hannunta.

"Bakin mutumin nan kwando ne," ta ce. "Ina shafa magani. Ya ma ragu."

"Bari in gani."

"Ke likita ce?"

"A'a."

"To."

Na tsuguna a gabanta na yi mata bayani da lallashi. Na ce yawancin irin waɗannan ƙullaye ba komai ba ne, amma ba a sani sai an ɗan tsakuro an duba. Ta bar ni na gama, sannan ta ajiye wuƙar a cinyarta.

"Ba ƙarfen da zai taɓa ni. Inna da ƙafarta ta shiga asibitin nan naku. Aka taɓa abin da wuƙa, ya fusata, ya watsu. Ni na gani da idona, ke kina can kina haddar manyan kalmomi."

Tsoro ne ya yi magana da bakina. Na ce, "Ba wuƙa ce ta kashe Inna ba, ɓoyo ne. Kuma hanyarta kika ɗauko tiryan-tiryan."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna mini titi da haɓa, ta ce, "Tashi ki bar mini lambu."

Makon nan ban yi aikin kirki ba. Yankan da yake fito mini a jere kamar zare sai ya riƙa cukurkuɗewa. Abokin aikina, wani gajere kamar turmi da muke kira Dogo, ya lura, amma da yake shi bakinsa ba ya hutawa, sai ya ƙara yawan labarin ƙwallo da na surukarsa don ya rufe mini. Na kira Yaya a waya ta ƙi ɗauka. Malam kuwa ya ce shi ma gaisuwa kawai ke haɗa su, shayinsa ma da kansa yake dafawa.

Ranar Juma'a Malam ya kira ni a waya. Ya ce wata damuwar ta taso. 'Yan dashen lemonta sun fara yaushi layi guda, ga ruwa ana ba su amma kamar ba a ba su, kuma wannan ya fi hana ta sukuni a kan abin da ke jikinta. Na sayi burodi mai zafi na tafi.

Na same ta tsaye a kan layin lemon, hannu a ƙugu. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce, "Yaya, ki yafe mini maganar ran nan. Bakina ya fi hankalina sauri." Ta karɓi burodin ta ɗora a kan tankin ruwa, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma kore ni ba. Ta tsige wani dashe ta karya karan ta nuna mini.

"Dubi cikinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa. Saiwar lafiya, ganyen ba tsutsa. Na rasa gane kansa."

"Ba ni shi in yanka in duba a madubi."

"Ki duba ki zo ki gaya mini ƙarya?"

"To zo ki duba da kanki. Gobe Asabar, ba kowa a ɗakin ɗalibai."

Ta harare ni, don ta san asibiti ne. Na ce ta ƙofar baya za mu shiga, ba za ta ga ko gado ɗaya ba. Na kuma kira Likita na nemi izini. Dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ta ce in dai gilasan koyarwa ne, waɗanda ba sunan kowa a jiki, ba laifi.

Yaya ta zo da safe da kwali a hannu. Ciki akwai lemo mai yaushi, da mai lafiya, da wani auren mangwaro da ya kama, da wani da ya ƙi. Ta zauna a gefen kujera kamar mai shirin gudu, ta toshe hanci da gefen mayafinta. Na ɗauki sabuwar reza na yanko karan mai lafiyar siriri, na ɗiga masa shuɗin rini, na ɗora a madubi na daidaita.

"Sa idanunki nan. Kada ki runtse ɗaya."

"Duhu nake gani."

"Matso kaɗan."

Ta matso. Sai na ji ta ja numfashi.

"La ilaha illallahu. Wannan a cikin karan yake? Wa ya yi wannan saƙa?"

Na ce ta fara daga baki-baki. Waɗannan ƙananan ɗakunan da suka jeru kamar bulo su ne fatarsa, suna tare ruwa kada ya tsere, suna tare cuta kada ta shiga. Na ciki masu faɗi da taushi ma'ajiya ce. Ta ce ita waɗancan manyan ramukan masu kaurin baki take son ji.

"Bututun ruwa ne. Daga saiwa har ganye suke. Abin mamaki, matattu ne, sai sun mutu sun zama fanko suke fara aiki. Su ne itacen da ake sassaƙawa. Ki dubi wajensu kaɗan, akwai wasu ƙanana masu siririn bango. Su kuma abincin da ganye ya haɗa suke rabawa, har saiwa."

"Shi ya sa in akuya ta gwaguye ɓawon bishiya ta zagaye, sai ta mutu ko da tana shan ruwa."

"Shi ya sa. An datse hanyar abinci."

Ta sake sa ido. Can ta tambayi wani siririn layi da ke tsakanin bututun biyu. Na ce wannan shi ne mai haihuwa, yana haifar na ruwa ta ciki, na abinci ta waje, da shi kara ke yin kauri.

"Na san shi!" Ta buga tebur har madubin ya girgiza. "Koren nan ne mai santsi a ƙarƙashin ɓawo. In bai haɗu da ɗan'uwansa ba aure ba ya ɗauruwa. Shekara nawa ina haɗa shi da yatsa, yau na ga fuskarsa."

Ta manta da toshe hanci. Muka yanka auren da ya kama, ta ga yadda sabon nama ya tsiro daga ɓangarorin biyu ya cike tsagar, har sababbin bututu sun ratsa. A wanda ya ƙi kuwa, baƙin layi ne kawai a tsakani. Da muka zo kan lemo mai yaushin, ba sai na yi bayani ba. Bututun ruwan sun toshe da wani abu mai ruwan ƙasa. Na ce ni ba likitar tsirrai ba ce, amma ya yi mini kama da cutar da ke shiga daga ƙasa. Ta dafe kai. Layin nan ne kaɗai ta cika wa ledoji da ƙasar da aka kawo mata daga wani sabon wuri.

"Yau zan ƙone su," ta ce. "Kafin su shafa wa sauran."

Na fara tattara kaya. Ita ce ta nuna akwatin katakon da ke kan kanta, ta ce, "Waɗancan fa?"

"Na dabbobi ne da na mutane. Na koyar da ɗalibai."

"Ɗora mini ɗaya."

Na fara da tsokar zomo, mai ratsi-ratsi kamar atamfa. Na ce ratsin nan ne ke shiga juna in tsoka za ta ja. Na nuna mata ƙashi, ta ce wannan ai kututturen bishiya ne, zobe cikin zobe. Na nuna mata jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da shimfiɗar cikin hanji mai kama da geza, wadda ke tsotse abinci. Da na ɗora kitse ta ce kumfar sabulu ce, ta ƙara da cewa Malam yana da gonar wannan a gaban rigarsa. Muka yi dariya har da hawaye. Rabon da mu yi dariya tare an jima.

Dariyar na lafawa ta ce, "Akwai na mama?"

Na ɗora mata mai lafiya. Ƙananan zobba ne cikin kitse da zaruruwa masu riƙe su, kowane zobe da ɗakunansa a jere, tsakiyarsa a buɗe. Na ce hanyoyin nono ne.

"Nuna mini marar kyaun."

Na zaɓo biyu. A na farko ɗakunan sun yi yawa sun cika zoben, amma katangarsa tana nan. A na biyu sun fasa katangar sun fantsama cikin kitse, ba layi ba tsari, manya da ƙanana. Ta daɗe a kansa.

"Na Inna wanne ne?"

"Ya wuce wannan ma, Yaya. Kafin a taɓa ta ya riga ya tafi wasu wuraren. Wuƙar ta zo ne bayan ya gama tafiyarsa."

"Nawa fa?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani. Hannu ba ya iya faɗa."

Ta tambayi yawan naman da ake cira. Na ɗauko wani daskararren kaki na koyarwa na nuna mata abin da ke ciki, 'yan sirara guda biyu, ko rabin tsinken ashana ba su kai ba. Na ce da allura ake zaro su, bayan an kashe zafin wurin. Ta juya kakin a tafin hannunta, ta ajiye, ta ɗauki kwalinta. A bakin ƙofa ta ce, "Wurin nan naku yana wari," ta tafi.

Ban matsa mata ba, ko da yake sai da na ciji harshena. Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Ina bakin injin yanka wayata ta yi ƙara.

"Na ƙone lemon," in ji ta. "Ki gaya wa mutanenku su zo da allurarsu. Amma da sharaɗi, ke za ki yanka. Ban yarda wani ya taɓa namana ba."

Na ce to, don a lokacin ko me ta ce to zan ce.

Ranar da aka zaro naman, Malam ya fi ta rawar jiki. Ta fito da 'yar filasta a ƙirji tana cewa sauro ma ya fi wannan cizo. Robar ta iso ɗakinmu da rana. Na ga sunanta a jiki, sunan da ba na iya kira saboda girmanta. Na je wurin Likita na gaya mata alkawarin da na yi. Ta cire gilashinta ta dube ni.

"Miƙo hannunki."

Na miƙa. Yana karkarwa.

"Naman ɗan kaɗan ne," ta ce. "In kika ɓata shi sai an sake soka mata allura. Ba ma barin mutum ya yanka na ɗan'uwansa, kin san dalili. Ki tsaya a bayan Dogo in kina so."

Haka aka yi. Da kakin ya daskare Dogo ya sa sabuwar aska a inji, ya zauna, ya yi bisimilla. A karon farko tun da na san shi bai ce uffan ba. Yankan ya riƙa fitowa a jere, sumul, ya ɗauke shi da burushi ya shimfiɗa a ruwan ɗumi kamar mai kwantar da jariri. Sai da ya kwaso na ƙarshe ya juyo ya ce, "Yanzu zan iya numfashi? Kin tsaya mini a ƙeya kamar mai gadin jarrabawa."

Da aka gama rini Likita ta kira ni ofishinta. Madubinta mai kai biyu ne, ta ce in zauna a ɗaya ɓangaren. Kallo ɗaya na yi na gane. Sun fasa katangar.

Na yi kuka a wurin. Ta bar ni na yi, sannan ta ce in sake sa ido. Ta nuna mini cewa ɗakunan ba su yi muni sosai ba, har yanzu suna ƙoƙarin yin zobba, kuma kaɗan ne ke rabuwa. Ciwon daji ne, ba ta ɓoye mini ba, amma mai tafiyar hawainiya. Wani rinin da aka ƙara daga baya ya nuna irin wanda ƙwayar magani ke riƙe wa wuya ne.

Likitan tiyata ne ya gaya wa Yaya, ina gefenta, Malam yana ɗaya gefen. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ya ce ƙullin ƙarami ne, za a cire shi da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, a ɗauki kaluluwar hammata a duba ko ya kai can, ba sai an cire maman duka ba. Ta tambaye shi ko zai bar saura. Ya ce ɗakin ƙanwarta ne zai faɗa, don za su duba bakin abin da ya yanko ta kowane gefe.

"To ka yanka da faɗi," in ji ta. "Kada ka yi mini rowar wuƙa."

A mota na gaya mata ba ni na yanka na farkon ba, kuma ba ni zan yanka na biyun ba. Na zaci za ta yi faɗa. Ta tambayi wane ne. Na ce Dogo.

"Gajeren nan mai surutu?"

"Shi. Hannunsa ya fi nawa."

"To ki ce ya wanke hannun."

Safiyar aikin ce kaɗai na ga tsoronta a fili. An sa mata rigar asibiti, an cire mata 'yan kunne, ta zama 'yar ƙarama a kan gadon turawa. Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi ta ce, "Ta wannan ƙofar aka shiga da Inna." Na ce, "Ta nan kuma za a fito da ke, ina tsaye." Malam ya juya baya yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Ta nan aka fito da ita, tana magagin allurar barci tana tambaya ko an ba gwaiba ruwa.

Ƙullin ya zo mana kamar ƙwallon dabino cikin kitse. Likita ta shafa wa bayansa tawada, kowane gefe da kalarsa, don a gane bakin yanka a madubi. Dogo ya yi ta yanka, ni kuma aka tura ni kan naman wasu, na yi ta aiki ina kallon agogo. Da gilasan suka kammala Likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Sai da ta ajiye na ƙarshe ta kira ni. Tsakanin ciwon da tawadar akwai lafiyayyen nama ta ko'ina. Kaluluwar kuma fes take. Na fita baranda na kira Malam a waya, na ji ya saki salati yana kuka, a bayansa muryar Yaya tana cewa, "Ba ni wayar, kai ba ka iya karɓar labari ba."

Ba a nan aka gama ba. Hannunta na hagu ya yi tauri, sai da ta yi ta motsa shi tana tsaki kafin ya kai saman kanta. Tabon ya yi ja ya yi ƙaiƙayi. Ta tambaye ni me ya sa bai yi laushi kamar sauran fata ba, na ce jiki da zaruruwa masu ƙarfi yake ɗinke rauni, ƙarfi yake nema ba kyau ba. Sannan aka sa ta zuwa ɗakin haske na wasu makonni, inda ake gasa wurin da na'ura don kashe abin da ido bai gani ba. Yana gajiyar da ita ƙwarai. Akwai ƙwayar da za ta sha shekaru, da dubawar da za ta riƙa zuwa. Ba wanda ya ce mata an rufe maganar har abada, ita ma ba ta nemi a ce ba. Ta dai aika wa Dogo dashen lemo mai aure, ya ajiye shi a tagar ɗakin gwaji yana yi masa hira.

A makon ƙarshe na hasken, ina tsakiyar rini Yaya ta kira ni.

"Sauko benci yanzu."

Na sauko da gudu, na zaci wani abu ne ya same ta. Na tarar da ita a dogon bencin da ke tsakanin ɗakin haske da ɗakin allura, ta dafa kafaɗar wata matashiya mai ɗauke da jakar goyo. Idanun matar sun kumbura. An rubuta mata a zaro nama, ta zo har bakin ƙofa, ta juya za ta gudu, Yaya ta riƙe mata gefen zane.

"Ga ta nan," in ji Yaya. "Ƙanwata ce, a can sama take aiki. Faɗa mata girman abin da ake cira."

Na nuna mata da yatsa. Matar ta ce ita an gaya mata in ƙarfe ya taɓa shi watsuwa yake.

"Wa ya gaya miki? Ya taɓa leƙawa?" Yaya ta gyara zama. "Saurara. Cikin maman nan hanyoyi ne, kowace da katangarta. Abin ko yana ciki, ko ya fasa, ko ma ba shi ba ne sam, kitse ne ya dunƙule. Daga nan bencin ba mai iya faɗa miki, ko ni, ko ita, ko wanda ya tsorata ki. Ni nawa ya fasa. Ga ni zaune ina cinye miki lokaci."

Ta ɗan ja wuyan rigarta ta nuna mata bakin tabon. Matar ta kalla, ta kalli fuskar Yaya.

"Da zafi?"

"Allurar? Kin haihu?"

"Sau biyu."

"To kada ki ba ni kunya."

Matar ta yi 'yar dariya cikin hawaye. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ta. Ta miƙe, ta tsaya tana neman inda za ta ajiye jakarta. Yaya ta karɓe ta ɗora a cinya.

"Shiga, ina nan," ta ce. Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma me kike jira? Koma bakin aikinki, naman yarinyar nan yana tafe."